Kafin ka sa wa dokinka linzamin kaboyi

Salamu alaikum 'yan uwa masu dawaki. Bayan hawan sallar da ta wuce wani Alhaji ya kira ni barga wai dokinsa ya ƙi cin dusa kwana biyu, ina buɗe bakin sai ga harshe a tsage, ganda ta kumbura, ƙasan haɓa kuma duk ya saɓule. Na ce Alhaji ina linzamin? Aka ɗauko, ashe irin na kaboyin Amurka ne mai dogon hannu, yaronsa ya gani a bidiyo ya yi oda.

Toh shi wannan linzami ba kamar sauran ba ne. Yana da hannu biyu da suke saukowa ta gefen baki, a ƙarshensu ake ɗaura kamazuru, sannan akwai sarƙa ko 'yar fata da take ratsawa ƙarƙashin haɓa. Kana ja, ƙarfen ya juya, ya danne harshe da dasashi, sarƙar ta matse haɓa, har bayan kunne sai ya ji. Kuma iya tsawon hannun iya yadda yake ninka ƙarfin janka, kai kana ganin ɗan taɓawa ka yi, shi ko doki abin da ya ji ya ninka haka. Namu na gargajiya mai zobe ma wannan aikin yake yi, shi ya sa nake magana.

Su can masu abin ba da shi suke fara horo ba. Dukushi da linzami mara hannu suke fara masa ko igiyar hanci kawai, a gasar AQHA ma, wata ƙungiyar masu dawaki ta Amurka, doki ɗan shekara 5 zuwa ƙasa an yarda ya shiga da mara hannun, sai ya kai 6 ake neman mai hannu, kuma hannun kar ya wuce inci 8 da rabi. Lokacin dokin ya riga ya san juyi da taɓin kamazuru a wuya, da hannu ɗaya suke riƙewa, a sake. Mu kuma sai a zo a guje gaban sarki a finciko lokaci guda don doki ya tsaya cak a yi tafi.

In dai sai ka saya, nemi mai gajeren hannu, wanda tudun tsakiyarsa bai yi tsawo ba don kar ya riƙa dukan ganda. Auna faɗin bakin dokinka tukuna, yawanci inci 5 ne amma namu wasu bakinsu bai kai haka ba, ƙarfen da ya yi yawa zamewa yake yana gurje leɓe. Sarƙar ta kwanta a shimfiɗe ba a murɗe ba, yatsu biyu su shige tsakaninta da haɓa. Shafa ƙarfen da yatsanka, in ka ji kaifi kai wa maƙeri ya goge. A duba haƙora ma.

In ka ga yana wurga kai, yana hangame baki, ko kumfa ta fito da jini, cire linzamin nan take, wanke bakin da ruwan gishiri mai ɗumi, a jiƙa masa dusa, a kira malamin dabbobi. Na Alhaji dai da ragama kawai ake fita da shi kilisa yanzun, sai harshen ya haɗe.