Kififiyar Amurka mai cizo: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun da na ba da labarin romon kififiya mai cizo da na sha a wani ƙauye na jihar Ohio ta Amurka, tambayoyi iri ɗaya ke ta dawo mini. Ga amsa, kowa ya karanta da kyau.

Wai kunkuru ne?

A'a. Kififiya ce ta tafki da kududdufi, ana samunta daga kudancin Kanada har Florida. Babba takan kai kilo 10 zuwa 15.

Da gaske tana cizo?

Ƙwarai. Ƙoƙon cikinta ƙarami ne, ba ta iya ɓuya a ciki kamar kunkurunmu, shi ya sa a tudu faɗa ne makaminta. Wuyanta dogo ne, yana juyowa baya fiye da zatonka. Kuma don Allah ku daina ɗaga ta ta wutsiya, kuna ɓalla mata ƙashin baya ne a banza. A can ƙarshen ƙoƙon ake riƙewa, saman ƙafafun baya, kan na kallon gaba.

Kowa zai iya kamawa?

Ba kogin ƙauyenku ba ne. A Ohio sai da lasisin kamun kifi, daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Disamba, kuma ƙoƙon ya kai inci 11. Lardin Ontario na Kanada ya hana farautarta gaba ɗaya tun 2017. A Mayu da Yuni matan kififiyar ke fitowa neman wurin ƙwai. Wanda ya tsince ta tana tsallaka titi a lokacin ya jefa a mota, ya kashe uwa da 'ya'ya, kuma wannan halitta takan yi shekara goma ko fiye kafin ta fara ƙwai. Abin yana ci mini rai.

Da me ake kama ta?

Babbar ƙugiya da hantar kaza ko yankan kifi, ko tarkon raga. A bar saman tarkon a waje don ta sha iska.

Ta halatta? Yanka ta ake yi?

To, nan sai a hankali, ya danganta da mazhabar da kake bi. Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, ta halatta dabbar ruwa ko da tana daɗewa a tudu, kuma an ruwaito cewa kififiyar ruwa ba ta buƙatar yanka, saɓanin kunkurun tudu. Hanbaliyya sun yarda da ci amma da sharaɗin yanka. Hanafiyya sun hana, haka mafi rinjayen Shafi'iyya. Saboda haka idan limamin masallacinku ɗan Pakistan ya ce maka haram, ba ƙarya ya yi ba, mazhabarsa ya faɗa, kada ka tsaya musu da shi. Ni dai yankawa nake yi da bismillah, don hankalina ya fi kwanciya. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya miƙa mata sanda ta cafke, ya ja wuyan ya fito, ɗayan ya yanka da wuƙa mai kaifi sosai, a take, ba a wahalar da ita. Maƙwabtana sukan fara ajiye ta mako guda a baho suna sauya ruwa don warin laka ya fita. Yana taimakawa, amma idan ba ka da inuwa da murfi mai nauyi, gara ka bari. Kan da aka cire yana iya cizo bayan an jima, na ga ya riƙe sanda gam. A kawar da yara daga wurin. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya ci kifinsa, babu wanda ya tilasta shi.

Yaya ɗanɗanonta?

Mutanen ƙauye suna cewa nama iri bakwai ne a jikinta. Wuya fari ne kamar kaza, ƙafafu sun fi kama da naman sa.

In bar kitsen?

Kul! Wannan rawayan kitsen shi ke ɓata romo, kuma a cikinsa da hanta da ƙwai gubar masana'antu ke taruwa, don dabba ce mai tsawon rai. A cire duka tare da fata. Mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara su haƙura.

Dahuwa fa?

Awa biyu zuwa uku a wuta kaɗan, sai naman ya saki ƙashi. A Philadelphia miya mai kauri suke yi da ita. Ni farfesu nake yi, da citta da tafarnuwa da masoro da ɗan daddawa. A wanke hannu da wuƙa da katako da sabulu kafin a taɓa wani abinci.