Ruwan randa ya yi garau, amma maganin feshi yana nan ciki

Jama'a tun muna yara a Zariya muke jin wai in ka ɗebo ruwan Kubanni ko Galma ka jefa alam ka zuba a randa ya kwana, shi kenan ya tsarkaka tunda yumɓu na tsotse dauɗa. Wallahi abin nan yana damuna. Alam laka yake kwantarwa, randa kuma sanyi take ba ruwa, amma ragowar maganin feshin gona da sinadarin rini sun riga sun narke a ciki, ido ba ya ganinsu, tafasawa ma ba ta fitar da yawancinsu.

Gaskiya ne yumɓu na kama wasu, musamman irin bentonait, sai dai in ya cika ya cika, kuma gubar tana nan maƙale ba a kashe ta ba.

Yumɓun da masu binciken kemistiri suke magana a kai, mai taimakawa wajen kashe gubar, daban yake. Yumɓu falle-falle ne kamar takardun littafi, sai a cusa sinadarin ƙarfe tsakanin fallayen a gasa shi ya tsaya kamar ginshiƙai, ramuka su buɗe, to in aka zuba haidurojin feroksaid, ruwan maganin nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi, ƙarfen nan ne zai farfasa shi ya fito da wasu ƙwayoyi masu zafin cizo da ke yayyaga gubar, in aikin ya kammala ta koma ruwa da iskar kabon. Tun 1894 wani masanin kemistiri mai suna Fenton ya bayyana wannan haɗi na ƙarfe da feroksaid a Ingila. Kuma yumɓun ba ya ƙarewa nan take, ana tace shi a sake aiki da shi. Aikin ɗakin gwaji ne da matatar ruwa, don Allah kar wani ya gwada a randar gida.