Ƙugin lantarki a na'urorin gida

Ƙugin lantarki shi ne duk wata ƙara da ke kutsowa cikin rediyo, talabijin ko sifika ba tare da tana cikin abin da ake saurare ba. Iri-iri ne, kuma kowane iri da irin muryarsa. Shi ya sa gogaggen mai gyara yakan fara da kasa kunne kafin ya ɗauki sukundireba.

Wanda aka fi ji shi ne gunji mai kauri da ba ya tashi ba ya sauka. Asalinsa wutar gida ce, wadda ke kai da komo sau 50 a sakan ɗaya a Najeriya da Nijar da Turai, sau 60 a Amurka. Japan kuwa ta rabu biyu: Tokyo na kan 50, Osaka na kan 60. Idan gunjin ya ninka ya kai 100, mafi yawa manyan kafasitocin da ke tace wuta a cikin na'urar ne suka bushe, abin da zafi da tsufa ke jawowa.

Sai matsalar da ta fi wahalar da mutane, wato zagayen wayar ƙasa, wayar kariya da ke jone da ƙafa ta uku ta filogi. Tana faruwa ne idan na'urori biyu, misali dikoda da amfilifaya, suna jone a soket daban-daban, sannan wayar sauti ta haɗa su. Ƙarfin wutar da ke kan wayoyin ƙasa na soket ɗin biyu ba ya zama daidai cif, don haka 'yar wuta kaɗan takan bi ta wayar sautin, amfilifaya kuma ba ta san bambanci ba, sai ta ƙara mata ƙarfi tare da kiɗan. Wayar dish ko ta eriya na yawan zama sila. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a cire duk wayoyin da ke shiga amfilifaya, a riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wadda gunjin ya dawo da ita ita ce mai laifi. Maganin sau da yawa bai wuce a tara na'urorin a soket ɗaya ba. Idan bai yi ba, akwai ƙaramar taransifomar raba layi da ake sawa a kan wayar sauti. Wasu kan karya ƙafa ta uku ta filogi, gunjin ya ɗauke, su ɗauka sun yi dabara. Ganganci ne, domin wannan ƙafar ce ke kare mai taɓa na'urar ranar da wuta ta zubo jikin ƙarfenta.

Ƙara mai kaifi kamar ta ƙudan zuma daga wani wajen take. Cajar waya mai araha, ƙwan LED maras inganci da inbatar da ba ta fitar da wuta sumul duk suna yanka wuta dubban lokuta a sakan, suna watsa tartsatsin cikin iska da wayoyi. Masu sauraren gajeren zango da matsakaicin zango su suka fi shan wahalarsa, FM ba ta cika damuwa ba. Ƙaramar rediyo mai batir ta isa a farauto shi: a murɗa ta zuwa inda babu tasha, a zagaya gida, inda ƙarar ta fi ƙarfi nan ne. Ƙullutun nan da ake gani kusa da bakin wasu wayoyin kwamfuta don rage irin wannan aka yi shi.

Shi kuwa "tit-tit-tirrr" da sifika ke yi gab da shigowar kira, wayar GSM ce ke aika saƙo a gutsure, kusan sau 217 a sakan. Nisanta wayar kawai ake yi.

Akwai kuma siririn "shuuu" da ake ji idan an ƙure murya. Wani kaso nasa ba ya gyaruwa, domin zafi ne ke motsa ƙwayoyin lantarki a cikin kayan na'urar. John Johnson da Harry Nyquist na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka suka yi bayaninsa a 1928.