Shakkun Kimiyya Kan Sauyin Yanayi da Makomar Yarjejeniyar Ƙasashen Duniya

Shakkun kimiyya kan sauyin yanayi shi ne tazarar da masana ke bari a lissafinsu idan suna hasashen zafin duniya, yawan ruwan sama da tashin teku a shekaru masu zuwa. Batun ko duniya na ɗumama, da ko ɗan'adam ne sila, an riga an yanke shi. Abin da ake ci gaba da aunawa shi ne girman abin, saurinsa, da inda zai fi yin ɓarna.

Tun 1896 masani ɗan Siwidin, Svante Arrhenius, ya lissafa cewa ƙaruwar iskar kabon a sararin sama za ta ƙara zafi. A 1958 Charles Keeling ya fara auna iskar a dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, ya samu kashi 315 cikin miliyan. Yau ta haura 420, alhali kafin zamanin masana'antu ba ta wuce 280 ba. Kwamitin masana na IPCC, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1988, ya yi ta ƙarfafa hukuncinsa daga rahoto zuwa rahoto. A 1995 ya ce akwai alamar hannun ɗan'adam, a 2007 ya ba da tabbacin sama da kashi 90 cikin ɗari, a 2013 ya kai shi 95, a 2021 kuma ya ce babu tababa. A lokacin zafin duniya ya riga ya ƙaru da digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas.

Babban abin da ya daɗe yana wahalar da masana shi ne sanin irin zafin da za a samu idan iskar kabon ta ninka. Rahoton Charney na 1979, wanda wani kwamitin masanan Amurka ya fitar, ya ce tsakanin digiri 1.5 da 4.5, kuma an shafe kusan shekara arba'in ba a iya matse wannan tazara ba, sai a 2021 aka mayar da ita 2.5 zuwa 4. Gajimare ne tushen wahalar: na ƙasa-ƙasa yana mayar da hasken rana ya sanyaya ƙasa, na can sama kuma yana riƙe zafi kamar bargo, kuma ba a gama sanin yadda kowanne zai sauya ba.

A Afirka ta Yamma shakkun ya fi kauri, domin tashoshin auna yanayi sun yi ƙaranci. Yankin Sahel ya sha fari a shekarun 1970 da 1980, Tafkin Chadi ya janye da kusan kashi 90 cikin ɗari daga faɗinsa na shekarun 1960, daga baya ruwa ya ɗan dawo. Lissafin kwamfuta bai haɗu a kan makomar daminar yankin ba: wasu na nuna ƙarin ruwa, wasu na nuna ragi. Inda bakinsu ya zo ɗaya shi ne zafi zai ƙaru, ruwan kuma zai riƙa zuba da ƙarfi a lokaci guda.

Mazaunin Legas yana ganin wannan ta fuska biyu. Ta gabansa ga teku, wanda ya tashi da santimita 20 a duniya tsakanin 1901 da 2018. Hasashen IPCC na shekarar 2100 ya kama daga kimanin santimita 30 zuwa mita ɗaya, kuma bai kore yiwuwar kusan mita biyu ba idan ƙanƙarar Antaktika ta ruguje da sauri. Ga birnin da Lekki, Victoria Island da Makoko ke zaune dab da ruwa, bambancin santimita 30 da mita ɗaya shi ne bambancin gyaran magudanai da tashin unguwanni. Sai dai adalci ne a faɗi cewa ba duk ruwan Legas ne laifin ɗumamar duniya ba. Zaizayar Bar Beach ta samo asali ne daga shingayen duwatsun da aka gina a bakin tashar jiragen ruwa a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tare yashi. Ƙasar birnin ma tana nutsewa a wasu wurare, ga kwatoci cike da leda da gidajen da aka gina a kan fadama.

Ta bayansa kuma ga hanyar Arewa. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ruwa ya shafe titi a Lokoja, tireloli suka yi jerin gwano kwana da kwanaki. Dillali a kasuwar Mile 12 yana riƙe da waya yana tambayar direba inda aka kwana, tumatir na ruɓewa a kwando, albasa na tsiro a buhu. Masanan World Weather Attribution, ƙungiyar da ke auna hannun sauyin yanayi a bala'o'in yanayi, sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara yiwuwar irin ruwan daminar wannan shekara a yankin Tafkin Chadi kusan sau 80.

Yarjejeniyar farko kan sauyin yanayi, wadda aka ƙulla a Riyo ta Birazil a 1992, ta hango wannan gardama, ta rubuta cewa rashin cikakken tabbaci ba hujjar jinkiri ba ne. Wannan ita ce magana mai ma'ana, domin tazarar lissafi tana iya faɗawa ta gefen da ya fi muni. Duk da haka an yi ta tafiyar hawainiya. Yarjejeniyar Kiyoto ta 1997 ta ɗora wa ƙasashe masu arziki kaɗai nauyin ragi. Amurka ba ta taɓa amincewa da ita ba, Kanada kuma ta fice. Taron Kofanhegan na 2009 ya watse ba tare da doka mai ɗaurewa ba. A Faris a 2015 aka sauya salo: kowace ƙasa ta kawo alkawarinta da kanta, da burin tsayar da zafi ƙasa da digiri 2, in da hali 1.5. Amurka ta fita a 2020, ta dawo a 2021, Donald Trump ya sake ba da umarnin fita a Janairun 2025. Kuma tunda ba ƙuri'a ake kaɗawa a tarukan ba, sai an samu amincewar kowa, ƙasashe kaɗan na iya taka wa duniya birki.

Yanzu kuɗi ne ƙashin bayan rigimar. Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin duniya, amma tana cikin masu shan wuya. Dala biliyan 100 a shekara da ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawari zuwa 2020 ba ta cika ba sai 2022, kuma yawancinta bashi ne. An amince da asusun biyan asara a Masar a 2022. A Baku ta Azarbaijan a 2024 aka tsayar da dala biliyan 300 a shekara zuwa 2035, wakilan Indiya da Najeriya suka fito fili suka ce ta yi kaɗan. Najeriya kanta tana tsaka mai wuya: Muhammadu Buhari ya yi alkawarin daidaita hayaƙinta, wato kada wanda take fitarwa ya wuce wanda ake janyewa daga iska, zuwa 2060 a taron Gilasgo na 2021, ya sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar, alhali mai da gas ne ke kawo mata kuɗin waje.

Kafin Faris, duniya ta doshi ƙarin zafi na kusan digiri 4 a ƙarshen ƙarni. Da manufofin yanzu hasashen ya sauko tsakanin 2.5 da 3. Wani ɓangare na saukin ya zo ne daga kasuwa, domin kuɗin wutar sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, farantan sola sun fara bayyana a rufin shaguna da masallatai a Agege da Idi-Araba, inda da sai ƙarar janareta.