Kwafin Ajiya a Aikin Kula da Sabar

Kwafin ajiya shi ne kwafin bayanan sabar (kwamfutar da ke riƙe bayanai tana yi wa sauran na'urori hidima) da ake ɗauka a kai a kai, a adana shi a wani wuri daban, domin a iya dawo da bayanan idan na asali sun lalace, ko an goge su, ko ɓarayin intanet sun kulle su suna neman kuɗin fansa. A ayyukan mai kula da sabar babu wanda ya kai shi nauyi. Na'ura idan ta mutu a sayi wata, bayanai kuwa ba a samun su a kasuwa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce 3-2-1: kwafi uku na bayanan, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen ginin da sabar take. Tsarin RAID, wanda ke rubuta bayanai a faifai fiye da ɗaya lokaci guda, ba ya cikin wannan lissafi. Yana ceton sabar idan faifai ɗaya ya mutu, amma fayil ɗin da aka goge bisa kuskure nan take yake gogewa a duk faifan.

A sabar mai Linux, kayan aikin da aka fi sabawa da su su ne rsync da cron. Andrew Tridgell da Paul Mackerras ne suka fitar da rsync, manhajar kwafe fayiloli daga wani wuri zuwa wani, a 1996, kuma abin da ya sa ya karɓu shi ne ba ya sake tura komai daga farko, sai ɓangaren da ya canza. Shi kuwa cron shi ke tayar da aikin a lokacin da aka tsara masa. A cron, layin da ya fara da 0 2 * * * na nufin ƙarfe 2 na dare kullum. Akwai tarko a nan: idan aka haɗa rsync da --delete, duk abin da ya ɓace a sabar zai ɓace a kwafin ma. Don haka ake fara gwadawa da --dry-run, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da taɓa komai ba, a kuma riƙe kwafin kwanakin baya.

Babbar matsala ita ce kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba. Ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke adana aikinsu a dandalinsa, da ke aikin dare ya goge rumbun bayanai a babbar sabar, yana zaton yana kan ta biyu. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Da aka koma ga hanyoyin ajiyar kamfanin, sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata. Manhajar pg_dump, wadda ke ɗaukar kwafin rumbun bayanan, ta daɗe tana faɗuwa saboda sigarta ta girmi ta rumbun bayanan, saƙonnin imel ɗin da ya kamata su yi gargaɗi kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa shida kafin lamarin, bayanan waɗannan awannin kuwa an yi asararsu.

Batun nisa ya fito fili a Maris 2021, lokacin da gobara ta cinye ginin SBG2 na OVH, kamfanin da ke ba da hayar sabar, a Strasbourg ta Faransa. Wasu masu hulɗa da kamfanin sun rasa komai, domin kwafinsu yana harabar da wutar ta kama.

Shi ya sa ƙwararru ke ware rana, ko da sau ɗaya a wata, su dawo da kwafin a wata na'ura ta gwaji, su buɗe fayiloli, su duba tsawon lokacin da aikin ya ci. Suna kuma saita gargaɗin yadda zai taso idan saƙon nasara bai zo ba, maimakon jiran saƙon faɗuwa. Idan an kulle kwafin da mabuɗin sirri, mabuɗin ma ana ajiye shi a wani wuri ban da sabar.