Waiwaye: Yadda Wasan Kyauta Ya Zo Ya Fi Na Sayarwa Kawo Kuɗi

Kamfanin Newzoo, mai bin diddigin kasuwar wasannin bidiyo, ya ƙiyasta cinikin da aka yi a duniya a shekarar 2023 da kimanin dala biliyan 184, kuma kusan rabin kuɗin daga wayar hannu suka fito. Galibin wasannin waya kuwa kyauta ake sauke su. Kafin a kai ga wannan sai da harkar ta sauya hanyar karɓar kuɗi sau da dama.

Da sulalla aka fara. A 1972 kamfanin Atari ya ajiye na'urar wasan Pong a wata mashaya a Sunnyvale da ke jihar Kalifoniya don gwaji. Ba a jima ba aka kira injiniyan da ya ƙera ta, Al Alcorn, cewa ta lalace. Da ya buɗe sai ya tarar ba abin da ya same ta, ma'ajiyar kuɗin ce ta cika maƙil. Space Invaders a 1978 da Pac-Man a 1980, dukansu daga Japan, a kan wannan tsari suka yi tashe: ka jefa kuɗi, ka buga, a cinye ka, ka sake jefawa.

Da wasan ya koma cikin gida sai aka koma sayar da kaset, nan fa kowa ya tsunduma. Aka cika shaguna da tarkace har masu saye suka daina yarda. Cinikin wasannin gida a Amurka ya faɗo daga kusan dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin miliyan 100 a 1985, har Atari ya kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo. Nintendo ne ya farfaɗo da kasuwar, kuma ba da kyawun wasa kaɗai ba. Ya kafa doka cewa ba mai fitar da wasa a na'urarsa sai da izininsa, sannan yana da kasonsa a kowane kaset. Sony ya bi wannan sawu da PlayStation a 1994. Har gobe a nan ribar wannan ɓangare take: a sayar da na'urar da ƴar riba ko ma da faɗuwa, a fanshe a kan wasannin. Idan wasa ya karɓu ana kwasar kuɗi, don GTA V ya yi cinikin dala biliyan 1 cikin kwana uku a 2013, amma haɗa irinsa na cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata, in ya faɗi kuma ya tafi da kamfani.

A nan gida ba ta wannan ƙofa muka shiga ba. Yaro nawa ne ubansa zai saya masa PS2? Gidan gem muka sani: shago ɗaya, benci, talabijin uku ko huɗu, janareto na ruri a waje, a zaɓi Barcelona da Chelsea, wanda aka ci shi ke biya. Faifan ma yawanci na kwafi ne, don haka kuɗin a aljihun mai shago da mai sayar da fetur suke tsayawa, ba su isa Tokyo.

Matsalar kwafi ba mu kaɗai ta dama ba, tana cikin abin da ya sa kamfanonin Koriya ta Kudu da Sin suka canza dabara. Idan ba za a sayi faifai ba, to a bayar da wasan kyauta ta intanet, a riƙa sayar da kaya a cikinsa. Nexon ya yi haka da MapleStory a 2003. A lokacin Turawa kuɗin wata suke karɓa, kamar World of Warcraft da ya fito a 2004 ya kuma tara masu biya miliyan 12 a 2010, kuma da yawansu kallon arha suke yi wa tsarin Asiya. Sai Apple ya buɗe App Store a 2008, shekara guda bayan haka ya ba da damar saye a cikin manhaja. Candy Crush da Clash of Clans suka fito a 2012, kuma farashin da aka sayi masu su ya isa shaida: Activision Blizzard ya biya dala biliyan 5.9 ya mallaki King mai Candy Crush, Tencent da abokan hulɗarsa suka biya biliyan 8.6 don kaso mafi tsoka na Supercell mai Clash of Clans a 2016.

Yadda abin ke aiki shi ne, mafi yawan masu bugawa ba su biyan ko sisi. Ƴan ƙalilan ne ke kashe kuɗi, wasunsu kamar ba gobe, su ke ɗauke da kowa. Sauran amfaninsu su cika fili su kuma kalli talla, domin wanda ya sayi riga mai tsada a PUBG Mobile yana bukatar waɗanda za su gan ta. Rigar ba ta ƙara masa saiti, ado ne kawai, amma matashi zai tura wa dillali kuɗi ta banki a loda masa UC, wato kuɗin cikin wasan, ko dayamon na Free Fire. Takardun da suka fito a shari'ar kamfanin Epic da Apple sun nuna Fortnite, wasan Epic ɗin wanda shi ma kyauta ne, ya kawo sama da dala biliyan 9 a 2018 da 2019. Shari'ar kanta a kan kamashon kashi 30 cikin 100 da Apple ke yanka aka yi ta.

Inda nake ganin an wuce gona da iri shi ne ƙunshin sa'a. A sashen Ultimate Team na wasan FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, za ka biya kuɗi a ba ka ƙunshin ƴan wasa ba tare da ka san waɗanda ke ciki ba, ko ka dace da Mbappe ko ka tashi da ƴan benci. Kamfanin EA mai wasan ya samu dala biliyan 1.62 daga wannan sashe na wasanninsa a shekarar kuɗinsa ta 2021. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce a 2018 wannan caca ce, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA, wanda ake sayen ƙunshin da shi, a ƙasar. Ni dai ban ga ta inda za a musa musu ba.

Gasar ƙwararru kuwa ta fi ƙara fiye da riba. An ga yaro ɗan shekara 16 ya lashe dala miliyan 3 a gasar Fortnite ta 2019, amma ƙungiyoyi da dama da tallafin kamfanoni suke numfashi, da ya ja baya sai suka shiga sallamar ma'aikata. Saudiyya ce ta shigo da jakarta, ta shirya gasar duniya a Riyad a 2024 da kyautar sama da dala miliyan 60. Ita ma da ta tashi zuba kuɗi na gaske, kamfanin wasannin waya ta saya, wato Scopely, a kan dala biliyan 4.9 a 2023.