Tambayoyin da 'yan ches ba sa gajiya da yi kan shiri da auna matsayi

Waɗannan tambayoyin su ne dai kullum suke dawowa daga masu buga ches a kulob, mutanen da sun wuce koyon tafiyar 'ya'ya amma da zarar an fita daga buɗi, wato takun farkon wasa, sai su tsaya suna kallon allo. Don kada a rikice: soja shi ne ƙaramin ɗa na sahun gaba, hasumiya ita ce mai tafiya miƙe, bishof mai tafiya a karkace, doki mai tsalle. Sunan gida kamar d5 kuwa, harafin (a zuwa h) layi ne, lambar (1 zuwa 8) sahu ce daga gefen fari.

Taku nawa zan hango kafin a ce ina da shiri?

Uku ko huɗu. Shiri a matakinka shi ne ka ce: dokin nan zan kai shi d5 ta hanyar d2, f1 da e3. Idan ya isa, ka sake duba allo ka yi wani. Mai zana taku goma sha biyar a kansa ya manta akwai mutum zaune a gabansa.

Na haddace buɗi har taku na goma sha biyu, daga nan sai na rasa abin yi. Wane buɗi zan koma?

Babu. Matsalar ba ta buɗi ba ce, haddar ce ba ta da ma'ana a kanka. Kowane buɗi yana barin sojoji a wani tsari, kuma tsarin ne yake faɗa maka abin yi. Ɗauki tsarin da ake kira Karlsbad, wanda ke fitowa idan mai fari ya ci d5 da sojan c sannan mai baƙi ya rama da sojan e. Fari yana da sojoji biyu a gefen sarauniya, na layin a da b, baƙi yana da uku, a, b da c6. Shirin fari a fili yake: hasumiya zuwa b1, soja zuwa b4, sannan b5. Idan aka yi musaya a c6, baƙi ya tashi da soja a c6 wanda babu sojan da zai kare shi, a layin da hasumiyar fari ke kallo. Idan baƙi ya ci b5 da kansa, sojansa na d5 ya zama maraya, babu ɗan'uwansa a layin c ko e. Shi kuwa baƙi, abincinsa yana gefen sarki: doki zuwa e4, hasumiya ta hau ta e6, a nufi sarkin fari kafin rauninsa ya nuna. Ka san tsari uku ko huɗu irin wannan, waɗanda ke fitowa daga buɗin da kake bugawa, ya fi maka haddar taku ɗari.

Da me zan fara idan zan auna matsayi?

Da sarki. Wane sarki ne a fili, kuma 'ya'ya nawa ke kusa da shi, na kai hari da na tsaro? Sai ƙidaya: soja 1, doki 3, bishof 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sai aikin 'ya'ya, wane ne ke da gidajen zuwa, wane ne a ɗaure. Sai sojoji. A wannan jerin, kada ka juya shi. Yawan masu cewa "ai tsarin sojojina ya fi kyau" ana kashe musu sarki suna cikin faɗar haka.

Ƙidayar 1, 3, 3, 5, 9 gaskiya ce?

Gaskiya ce a matsayin ma'aunin farko. Hasumiyar da ke kulle a kusurwa ba ta kai 5 ba, dokin da ya zauna a d6 babu sojan da zai kore shi ya wuce 3.

Kwamfuta ta ce +0.4, ke nan na yi nasara?

A'a. Don Allah ku daina wannan. Lambar nan tana nufin fari ya ɗan fi, ƙasa da rabin soja, a hannun injin da ba ya kuskuren da ni da kai muke yi. Stockfish, injin ches na kwamfuta, ba zai gaya maka cewa matsayin yana da sauƙin bugawa ko wuya ba. Ka fara duba wasanka da kanka, ka rubuta inda ka ga ya juya da abin da kake tunani a lokacin, sannan ka kunna injin a shafin ches na intanet kamar Lichess ko Chess.com ka ga inda kuka saɓa. Inda lamba ta yi tsalle da soja ɗaya da rabi ko fiye, nan ne darasi. Sauran ƙananan motsin lamba ka bar su.

Yaushe zan yi musaya, yaushe zan ƙi?

Wannan ce tambayar da ta fi sauran, kuma ba ta da amsa guda. Akwai ƙa'idodin da aka saba faɗa, kuma yawanci suna aiki. Idan ka fi 'ya'ya, musanya manya ka bar sojoji, domin soja ɗaya na ƙari ya fi nauyi idan allo ya yi fili. Idan kai ne a ƙasa, musanya sojoji, domin idan suka ƙare doki ɗaya ko bishof ɗaya ba zai iya kashe sarki ba. Idan wurinka ya matse, musaya tana ba ka numfashi. Idan kana kai hari, riƙe 'ya'yanka, musamman sarauniya.

To amma kowace daga cikinsu tana da inda take karyewa. Ka fi da soja ɗaya, ka bi ƙa'ida ka musanya komai, sai ka tashi da bishof mai bin fararen gidaje shi kuma nasa mai bin baƙaƙe. Irin wannan ƙarshen sau da yawa canjaras ne, wani lokacin ko da soja biyu ka fi. Waɗannan bishof ɗin dai, idan sarauniyoyi suna kan allo, alheri ne ga mai kai hari, domin bishof ɗin mai tsaro ba ya iya tare gidajen da ake bi. Abu ɗaya, hukunci biyu, ya danganta da wa ya rage. Haka ƙarshen hasumiya da hasumiya: soja ɗaya na ƙari ba kullum yake isa ba, alhali da dokuna ne suka rage da ya fi sauƙi. Ƙarshen sarki da sojoji zalla kuwa, kada ka shige shi da ji a jika. Ka ƙirga shi taku bayan taku, domin babu gyara a can.

Dubi kuma soja maraya a d4, wanda babu ɗan'uwansa a layin c ko e. Mai shi yana son manyan 'ya'ya su zauna, domin yana da fili, yana da gidan e5 na ajiye doki, yana kuma jiran lokacin tura d5 ya fasa tsakiya. Abokin karawarsa yana son ya dasa doki a d5 ya toshe, ya rage dokuna da bishof, ya tara hasumiyoyi a kan sojan. Musaya ɗaya tak a nan riba ce ga wannan, asara ga wancan, ko da ƙidaya ta ce uku da uku.

Har ƙa'idar "kada ka ba da ɗanka mai kyau a kan nasa marar kyau" tana karyewa. A 1971 a Buenos Aires, a wasa na bakwai na karawar Fischer da Petrosian, manyan 'yan ches biyu da kowannensu ya taɓa zama zakaran duniya, Fischer mai fari yana da doki zaune daram a c5, ya ɗauke shi ya ci bishof ɗin Petrosian na d7, wanda kowa ke gani a matsayin marar amfani. Amma bishof ɗin shi ke riƙe da raunin baƙi, kuma yana shirin fitowa. Da ya tafi, hasumiyoyin Fischer suka sami layi suka shiga sahu na bakwai, ya ci wasan. Saboda haka kafin ka ci, ka ɗauke 'ya'yan biyu daga allo a zuciyarka, ka dubi waɗanda suka rage: nawa suna da aiki, nasa fa? Wa zai kare gidajen da ɗan da ya tafi yake karewa? Idan ba ka iya amsawa ba kuma babu abin da ke tilasta ka, yawanci gara ka bari shi ya ci, kai ka rama da ɗan da zai ƙara gaba. Na ce yawanci. Idan agogonka ya kusa ƙarewa, sauƙaƙa allo yana iya fin komai.

Babu abin ci, babu barazana. Me zan buga?

Nemo ɗanka da ya fi kowa zaman banza, ka gyara masa wuri. Sau da yawa hasumiyar a1 ce, ko dokin da ke gefen allo. Kada ka tura soja don kawai ka rasa abin yi: soja ba ya komawa baya, kuma duk takun da ya yi ya bar gidaje a bayansa babu mai tsaro.

Kullum shirina yana tafiya daidai sai a kama ni da tarko. Ba ni da basira ne?

Kwantar da hankalinka, ba basira ce ta yi ƙaranci ba. Tambaya ɗaya ce ba ka yi: me yake nufi da takun da ya buga yanzu? Ka yi ta bayan kowane takunsa, har ta zama jiki. Sannan kafin hannunka ya taɓa ɗa, ka duba abu uku ta gefensa: ina zai iya yi wa sarkina barazana, me zai iya ci, me zai iya kai wa hari. Daƙiƙa goma ne. Petrosian da Karpov, shi ma tsohon zakaran duniya, sun yi suna ne da toshe shirin abokin karawa tun kafin ya tsiro, kuma daga wannan tambayar abin yake farawa.

Sai na kai hari ko da yaushe?

Sai idan matsayi ya ba ka dalili. Tun zamanin Steinitz, wanda ya zama zakaran duniya a 1886, aka san cewa hari ba ya cin nasara sai inda ka riga ka fi ƙarfi. Ƙirga: 'ya'yanka uku a kusa da sarkinsa, nasa biyu, ka je. Naka biyu, nasa huɗu, ka koma ka kawo sauran.

Wasannin wa zan duba?

Capablanca, tsohon zakaran duniya ɗan Cuba. Shirinsa a bayyane yake, za ka ga dalilin kowane taku. Rufe takun da ke gaba da takarda, ka faɗi naka da dalilinsa a jimla ɗaya, sannan ka buɗe. Wasa ɗaya a minti arba'in, a kan allo na gaske idan kana da shi.